Waiwaye: Yadda taswirar matuƙa jirgin ruwa ta dawo ta cikin wayoyinmu

Tun watan Agustan 2025, da Tarayyar Afirka ta mara baya ga kiran a daina amfani da taswirar Mercator, maganar ta ƙi lafawa. A nan Bauchi na ji ta a majalisa bayan Isha'i, na kuma gan ta a Facebook: hoton Afirka an zuba mata Amurka da Sin da Indiya a ciki, ga sauran fili, a ƙasa an rubuta wai shekara 450 ana yi mana rufa-ido. Hoton gaskiya ne. Bayanin da ke ƙasansa ne ke da gyara, don ya tsallake ɓangaren da ya fi kusa da mu.

Farkon labarin sananne ne. A 1569 Gerardus Mercator ya fitar da taswira domin matuƙa jiragen ruwa, yadda mutum zai ja miƙaƙƙen layi, ya saita kamfas, ya bi har ya isa. Duniya a dunƙule take, kuma duk wanda ya taɓa son shimfiɗa ɓawon lemu a faranti ya san sai ya yage ko ya miƙe. Mercator ya zaɓi miƙewa: iya nisan ƙasa da layin ikwaita, wanda ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, iya kumburarta. Shi ya sa tsibirin Girinlan, can kusa da ƙarshen arewacin duniya, ke fitowa kusan daidai da Afirka, alhali Afirka, mai murabba'in kilomita sama da miliyan 30, ta ninka ta kamar sau 14. Daga jirgi taswirar ta hau bangon aji. A 1973 wani Bajamushe, Arno Peters, ya tayar da ƙura a kanta da tasa taswirar, wadda James Gall ya riga shi zanawa tun 1855.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, kafin ƙarni na 20 ya ƙare masanan kansu sun riga sun juya wa Mercator baya. A 1989 ƙungiyoyi 7 na masana taswira da labarin ƙasa a Arewacin Amurka suka fitar da matsaya cewa a daina nuna duniya da taswirori masu kusurwa huɗu. Mujallar National Geographic ta ɗauki zanen Robinson a 1988, ta koma wani zanen mai suna Winkel Tripel a 1998. Mercator ta fara zama kayan tsohon bangon firamare, irin wanda gara ta ci gefensa.

Sai intanet ta farfaɗo da ita.

Wajejen 2005 aka fara samun taswirar da za ka ja da hannu, ka matso da ita, ka nesanta. Masu ƙera ta ba girman nahiyoyi ne gabansu ba, titi ne. Idan hanyoyi biyu sun gitta juna a tsaye, ana so su fito a tsaye a allo, shataletale ya fito zagaye ba kamar ƙwai ba, arewa kuma ta kasance sama a ko'ina. Wannan kuwa shi ne aikin da Mercator ta ƙware a kai: tana kiyaye siffar ƙaramin wuri, tana sadaukar da girma. Akwai kuma sauƙin lissafi. In aka datse taswirar a wajen digiri 85 arewa da kudu, duniya gaba ɗaya takan zama murabba'i ɗaya cif. A raba shi huɗu, kowane a sake raba shi huɗu, haka har a kai rufin gidanku, kamar tayil a daɓe. Waya ba ta sauke duniya duka; 'yan tayil ɗin da ke gabanka kawai take ɗaukowa, shi ya sa ko sabis na jan ƙafa taswirar kan buɗe.

Ga mai keke-napep da ke neman wani lungu tsakanin Wunti da Yelwa, wannan zaɓi ba shi da aibi ko kaɗan. Matsalar na farawa ne lokacin da ya matse allon da yatsu biyu har duniya ta bayyana, don a nan ya ɗauki ma'aunin unguwa yana auna nahiyoyi. A ganina nan ne tushen abin yake, fiye da 1569. Taswirar bango yaro kan kalle ta sa'a ɗaya a mako, in ma akwai ta a ajin. Ta waya kuwa tana aljihu dare da rana.

Akwai dalilin da ya sa ba mu farga da wuri ba: a gida taswirar ba ta yi mana ƙarya. Bauchi na wajen digiri 10 arewa da ikwaita, inda kumburin wajen kashi 3 cikin 100 ne kacal. A digiri 60 fili kan ninka sau 4. Wato ba rage mu aka yi ba, wasu aka hura. Birtaniya, da Najeriya ta kusa ninkawa sau 4, kan fito kamar kashi uku cikin huɗu na Najeriya. Suwidin, wadda ba ta cika rabin murabba'in kilomita 923,768 na Najeriya ba, kan fito ta fi ta nesa ba kusa ba. Jihar Bauchi kaɗai, ko bayan an yanke Gombe daga jikinta a 1996, ta fi Suwizalan faɗi. Na faɗa wa wani abokina haka, ya ce, "Malam, ka dai duba da kyau."

An fara gyara. A 2018 masanin taswira Tom Patterson da abokan aikinsa biyu suka fitar da taswirar Equal Earth, wadda ke bai wa kowace ƙasa daidai filinta, ita ce kuma ake kira a koma wa yanzu. Wasu manhajojin ma kan nuna duniya a dunƙule in ka nesanta sosai.

Sai dai ko taswira mai adalci fili take aunawa, ba ta ƙirga kawuna. Girinlan da duk faɗinta mutanenta ba su kai 60,000 ba. Ƙaramar hukumar Bauchi kaɗai ta kusa rabin miliyan a ƙidayar 2006. Rasha ta ninka Najeriya sama da sau 18 a fili, amma Najeriya ta fi ta jama'a. Nijar ta fi mu fili, mun ninka ta mutane sau da yawa. Ko a cikin gida, jihar Bauchi ta ninka ta Kano fiye da sau biyu a fili, amma a 2006 an ƙirga mutum 4,653,066 a Bauchi, a Kano sama da miliyan 9. Waɗannan alƙaluman ma sun tsufa: daga waccan ƙidayar zuwa yau, duk adadin da ake ambata wa Najeriya da jihohinta ƙiyasi ne da aka ɗora a kan miliyan 140 na 2006.