Lambobin waya masu raba kuɗi a asibitocin likitocin unguwa na Birtaniya

Lambar waya mai raba kuɗi ita ce wadda idan aka kira ta, kamfanin waya ke yankar wani kaso daga kuɗin da mai kira ya biya ya miƙa wa mai lambar, ko ya rage masa da shi a kuɗin kayan aikin da ya ba shi haya. A Birtaniya irin waɗannan lambobi suna farawa da 084 ko 087, saɓanin lambobin gari masu farawa da 01 ko 02. Sun jawo ce-ce-ku-ce na fiye da shekara goma saboda yadda ƙananan asibitocin likitocin unguwa suka rungume su, alhali dokar da ta kafa hukumar lafiya ta ƙasar, NHS, a 1948 ta ginu ne a kan ganin likita kyauta.

Asalin lamarin

Likitocin unguwa a Birtaniya ba ma'aikatan gwamnati ba ne kai tsaye. Yawancinsu 'yan kwangila ne masu cin gashin kansu, NHS na biyan su, su kuma su ɗauki nauyin gini da ma'aikata da waya. Da ƙarfe 8 na safe, lokacin da ake buɗe layi don ba da lokacin ganin likita, kira kan yi yawa har layin ya cushe. Maganin wannan shi ne na'urar da ke jera masu kira a bisa layi tana kai kowa ga teburin da ya dace, kuma tana da tsada.

Nan kamfanonin waya suka shigo. Wanda ya fi suna shi ne Network Europe Group da tsarinsa mai suna Surgery Line. Za a girka wa asibiti na'ura, a ba shi sabuwar lamba, kason da ke fitowa daga kowane kira ya riƙa biyan hayar na'urar a tsawon kwangilar shekaru. Likitoci sun sha cewa ko kwabo ba ya shiga aljihunsu. Masu suka kuwa suka ce ai duk ɗaya ne, tunda kuɗin da ya kamata asibiti ya fitar daga kasonsa marar lafiya ne ke biya, ba tare da an gaya masa ba.

Abin da mai kira ke biya

Kafin 2015, daga wayar gida ta kamfanin BT, kiran lambar 0844 bai wuce kwabon Ingila 5 a minti ɗaya ba, kuma da wannan farashi masu tsarin ke kāre kansu. Amma mutane da yawa suna da tsarin biyan kuɗi na wata-wata wanda kiran lambobin gari ke cikinsa kyauta, lambobin 0844 kuwa ba sa ciki. A wayar hannu abin ya fi muni, domin a wancan lokaci minti ɗaya kan kai kwabo 40 a wasu kamfanoni. Sannan na'urar tana amsa kira tun kafin mutum ya ɗauka, don haka kuɗi na tafiya tun ana jiran layi. Wanda ya fi ji a jikinsa shi ne talakan da ba shi da wayar gida, da mai ciwon da ba ya rabuwa da asibiti.

Hani biyu

A 2005 ma'aikatar lafiya ta hana cibiyoyin NHS a Ingila amfani da lambobin 0870 da masu tsadar da suka fi su. An bar 0844 da 0845 a matsayin masu rangwame, sai asibitoci suka yi ƙaura zuwa 0844. An toshe ƙofa an bar taga.

Ƙorafi bai lafa ba. Daga Disamban 2008 ma'aikatar ta nemi jin ra'ayin jama'a, ta samu amsoshi kusan 3,000. A Satumban 2009 ƙaramin ministan lafiya Mike O'Brien ya sanar da sabon mataki, aka shigar da shi cikin kwangilar likitocin unguwa a Afrilun 2010, tare da wa'adin shekara guda ga masu tsohuwar yarjejeniya. Sai dai ƙa'idar ba ta ambaci 084 da suna ta hana ba. Cewa ta yi kada marar lafiya ya biya fiye da abin da zai biya in ya kira lambar gari. Wannan lafazi ya ba da kafar zillewa: asibiti kan nuna takardar tabbaci daga kamfanin da ya sayar masa da tsarin, wadda ke kwatanta farashi da na BT kawai, a mance da masu wayar hannu. Ita kanta gwamnati ba ta da bakin magana sosai, domin layin shawarar lafiya na NHS Direct yana kan 0845 4647 har zuwa 2014, lokacin da aka rufe shi, lambar 111 da ake kira kyauta ta gaje shi. A ƙarshen 2013 sai da hukumar NHS ta Ingila ta sake bin asibitocin da suka rage a kan su bar lambobin.

Hanyoyi masu sauƙi

Mafita ta daɗe a ƙasa. Tun 2007 hukumar sadarwa ta Ofcom ta fito da lambobin 03, waɗanda doka ta ce kuɗinsu daidai yake da na 01 da 02, suna shiga cikin mintunan kyauta na kowane tsari, kuma an haramta raba kuɗi a kansu. An ware 0300 da 0303 ga hukumomin gwamnati da ƙungiyoyin agaji. An kuma tanadi 034 da 037 don masu ƙaura, ta yadda 0844 za ta koma 0344 ba tare da sauran alƙaluman sun canja ba. Asibiti na iya riƙe na'urarsa yadda take, bambancin kawai shi ne yanzu shi zai biya kuɗinta, kuma abin da ya sa wasu suka yi ta jan ƙafa ke nan.

Wasu asibitocin sun ƙara lambar gari kusa da ta 084, ko da yake akwai ƙorafin cewa mai kiran ta gari yakan tarar da layi a cushe. Jama'a ma sun nemo dabararsu: shafin intanet na SayNoTo0870 yana tattara lambobin gari da ke ɓoye a bayan masu tsadar, yayin da ƙungiyar Fair Telecoms Campaign ta matsa wa hukumomi lamba.

Daga 1 ga Yulin 2015 Ofcom ta raba kuɗin kiran irin waɗannan lambobi gida biyu: kason kamfanin wayar mai kira, da kason mai lambar, wanda a 084 bai wuce kwabo 7 a minti ba, a 087 kuma 13. Dole ne duk mai tallata lambar ya rubuta kasonsa a fili. A ranar ce kuma kiran lambobin 0800, waɗanda da ma kyauta ne daga wayar gida, ya zama kyauta daga wayar hannu ma.