Manuwel ko Otomatik: Zaɓin Akwatin Giya a Tsohuwar Motar Gudu

Akwatin giya, wanda direbobi da makanikai a Yamai da Tawa suka fi kira bwat, shi ne sashen da ke karɓar ƙarfin injin ya raba wa tayoyi gwargwadon buƙata: ƙarfi mai yawa wajen tashi da hawan tudu, gudu mai yawa in hanya ta miƙe. Bwat manuwel ita ce wadda direba ke taka kuloci, wato ambrayaj, ya sauya giya da hannunsa. Bwat otomatik kuwa da kanta take sauyawa. A motar gudu, irin motocin nan masu ƙofa biyu da ke kwance ƙasa-ƙasa kamar Ford Mustang, Nissan 350Z, Toyota GT86, Mazda MX-5 ko Porsche 911, zaɓin ya fi nauyi bisa na motar iyali, domin wanda ya fara sayen irin wannan mota ba don lallaɓa ta ya saye ta ba. Bayan injin, babu sashen da gyaransa ya kai na bwat cin kuɗi.

Kusan duk motar gudun da ke yawo a Nijar tsohuwa ce, ta shigo ta tashar ruwan Kwatano ko ta Lome. Tun da aka rufe iyaka da Benin bayan juyin mulkin Yulin 2023, kaya suka koma bin Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kayan gyaran da ake yin oda ma suka ƙara jinkiri. Shi ya sa a Yamai wadda ta fi gudu ba ita ce abin tambaya na farko ba. Abin tambaya shi ne wadda za a samu mai gyara ta ran da ta tsaya.

Yadda suke aiki

Aikin manuwel a bayyane yake. Akwai faifan kuloci da ke manne da farantin bayan injin, akwai haƙoran giya, akwai wasu ƙananan zobba masu daidaita gudun haƙoran kafin su shiga juna. Abin da ke cinyewa sananne ne: faifan, abin matse shi, da zobban. Kowane makanike da ya ƙware ya buɗe irinta ba adadi.

Otomatik ce ke ruɗa masu saye, saboda suna ɗaya ne ake kiran abubuwa dabam-dabam da shi. Tsohuwar cikinsu ta samo asali daga Hydra-Matic da kamfanin General Motors ya saka a Oldsmobile ta 1940. Irinta ta yau tana da wata tukunya cike da mai tsakanin injin da giya, makanikai na ce mata konbertisa. Man ne ke ɗaukar ƙarfin, don haka mota na iya tsayawa cak cikin giya injin bai mutu ba. Tiptronic da Porsche ta fito da ita a 911 wajen 1990 irin wannan ce, haka bwat mai giya 8 ta kamfanin ZF na Jamus da ke cikin BMW da yawa da Toyota Supra ta 2019, haka mai giya 10 ta Mustang daga 2018. Wannan ita ce mai haƙurin cikinsu.

Ta biyu manuwel ce a ciki, sai dai na'ura ce ke taka kulocin a madadin ƙafa. Ferrari F355 ta 1997 ta zo da ita, BMW ma ta saka irinta mai suna SMG a M3. Tana fizga in ana tafiya a hankali, famfonta da na'urorinta in suka tsufa sai a yi ta neman bakin zare. Yawancin masu ƙera motocin gudu sun bar ta, kuma wanda ya gan ta da araha a Yamai ya tuna araha ba ta ado.

Ta uku ita ce mai kuloci biyu: ɗaya na riƙe da giya 1, 3, 5, ɗayan na riƙe da 2, 4, 6, ta yadda kafin a bar wannan giyar ta gaba ta riga ta shirya. Volkswagen ta fara sayar da ita da sunan DSG a 2003 cikin Golf R32, Porsche ta kawo tata mai suna PDK cikin 911 a 2008, bayan ta gwada ta a motocin tsere tun shekarun 1980. Babu hannun ɗan Adam da zai riga ta sauya giya. Ita ma gida biyu ce: akwai wadda kulocinta ke jiƙe cikin mai, akwai busasshiya, kamar DSG mai giya 7 ta ƙananan injina. Wannan bambanci ya kamata mai saye ya tambaya tun kafin ya tambayi kuɗi.

Wasu motocin ma ba su bar zaɓi ba. Honda S2000, daga 1999 zuwa 2009, manuwel kaɗai aka yi ta. Nissan GT-R ta 2007 da Chevrolet Corvette ta 2020 kuwa da mai kuloci biyu kaɗai suka fito.

Zafi, yashi da cunkoso

Babban maƙiyin bwat otomatik zafi ne. A Afrilu da Mayu zafin Yamai na wuce maki 40 kusan kullum, a kan kwalta kuma abin ya fi haka. Man bwat in ya daɗe yana dafuwa sai ya canza launi, ya rasa santsinsa, faifan ciki su fara zamewa. Kamfanonin mota da dama sun rubuta cewa man ba ya buƙatar canji har abada, amma ZF da ke ƙera bwat ɗin da kanta ta ba da shawarar a canza, musamman inda ake zafi ko tuƙi mai tsanani. DSG mai jiƙaƙƙen kuloci ana yi mata vidanj, wato canjin mai, duk kilomita 60,000. Kuma kowace da irin manta. Zuba mata duk jan man da aka samu a bakin titi ya kashe bwat fiye da yadda gudu ya kashe.

A cunkoson gadar Kennedy da safe, inda ake matsawa taku-taku, otomatik mai konbertisa ta fi kowa hutar da direba. Manuwel ta motar gudu kulocinta da tauri, ƙafar hagu kan gaji. Mai kuloci biyu, musamman busasshiya, a nan take shan wuya, don kulocinta na ta gogawa rabi a kame rabi a sake har ya ɗau zafi. Haka abin yake a lungunan unguwanni masu yashi. Manuwel ma in direba ya yi ta murza kuloci don ya fita daga yashi, warin ƙuna zai sanar da shi, sai dai faifanta kawai za a canza. Amma da mota ta fita gari ta kama hanyar Doso, Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni zuwa Tawa, tafiyar da ta haura kilomita 500, bambancin kan ragu ƙwarai, domin kowacce a giyar sama take zaune. Abin da ya rage shi ne in ta lalace a can. Manuwel mai raunin batir ana tura ta ta tashi. Otomatik ba a tura ta, kuma jan ta da igiya mai nisa tayoyi a ƙasa na lalata ta, saboda famfon manta ba ya juyawa sai injin na aiki. Ɗora ta ake yi a kan wata motar.

Gwaji kafin saye

Dillali zai ce, "Alhaji, wannan wata tsohuwa ce ke tuƙa ta a Turai." A saurare shi, amma gani ya kori ji. A je wajen motar da sassafe, a ɗora hannu kan bonet a tabbatar ba a riga an ɗumama ta ba, don wasu cututtukan bwat da sanyi suke nuna kansu, wasu kuma sai ta yi zafi. Saboda haka zagaye ɗaya a cikin fili bai isa ba. A yi rabin awa ana tafiya, cikin gari da kan miƙaƙƙiyar hanya.

In manuwel ce, a lura da inda kuloci ke kamawa. In sai ƙafa ta kusa sakinsa gaba ɗaya, sau da yawa faifan ya cinye. A sa giya ta 4 ko ta 5 ana tafiya a hankali, a taka totur har ƙasa: in allurar injin ta tashi mota ba ta ƙara gudu ba, kuloci na zamewa. A sauya daga 1 zuwa 2 da sauri, sannan daga 3 a dawo 2. Ƙarar "ƙarrr" alamar zobban sun ƙare ce. Ƙwanƙwasa ko girgiza lokacin kashe injin na iya zama farantin bayan injin, wanda a motocin zamani gida biyu ne mai sifirin a ciki, kuma yana iya fin faifan kulocin tsada. Akwai kuma ɓoyayyen aibin manuwel da ba a faɗa: direban da ke gudu ya yi kuskuren jefa giya ta 2 maimakon ta 4 zai tilasta wa injin juyin da ya wuce iyakarsa. Otomatik ba ta yarda da irin wannan kuskure. Kwamfutar Porsche tana ajiye lissafin irin wannan wuce iyaka, ana iya karanta shi.

In otomatik ce, a taka birki a sa D, wato gaba, a koma R, wato baya. Ya kamata ta kama nan take, ba duka, ba jira. In tana da sandar duba mai, a zaro a goga a farar takarda: mai lafiya yakan zama ja garau, wanda ya koma baƙi-baƙi yana warin ƙonannen abu kuwa labari ya ƙare. Sabbin bwat da yawa ba su da sandar, sai a ɗaga mota. Dole ne kuma a jona na'urar binciken kwamfuta, wadda makanikai ke kira valiz, a hannun wanda valiz ɗinsa ke karanta bwat, ba injin kaɗai ba. Motocin da suka fito daga Amurka galibinsu otomatik ne, kuma da yawa daga gwanjon motocin haɗari ko na ambaliya aka sayo su. Ruwa in ya shiga bwat otomatik yakan ɓamɓare faifan ciki a hankali, sai bayan watanni ciwon ya fito. Lambar jikin mota mai harafi da lamba 17 tana ba da damar duba tarihinta a intanet, har da hotunan ranar gwanjon a wasu lokuta.

Wanne ya dace da wa

Ga tsohuwar motar da ta haura shekara 15 kuma ba ta da takardun kulawa, manuwel ta fi kwanciyar hankali nesa ba kusa ba, musamman ga mazaunin Tawa, inda duk wata na'urar lantarki ta bwat sai an aiko da ita daga Yamai ko daga ƙetare. Ga wanda zai riƙa shiga gari da ita kullum, otomatik mai konbertisa zaɓi ne mai kyau, muddin manta tsaf yake kuma na'urar sanyaya shi na aiki. Mai kuloci biyu ta wanda ya riga ya san makanikinta ce, ya kuma ware kuɗin kwamfutarta a gefe. A Turai da Amurka tsofaffin motocin gudu masu manuwel sukan fi riƙe darajarsu, tun da sababbinsu na raguwa. Masu saye sun matsa har Porsche ta mayar da manuwel cikin 911 GT3 a 2017, Toyota ta ƙara ta a Supra a 2022. A Yamai kuwa masu neman motar gudu kaɗan ne, kuma mai saye na gaba zai fara ne da kai ta garejin makanikinsa kafin a zauna ciniki.