Me Ya Sa Bature Ba Ya "Shan" Magani? Tambayoyi Kan Yadda Kalmomin Turanci Suke Zama da Juna

Akwai ɗalibai da yawa da suka haddace kalmomin Turanci masu tarin yawa, nahawu ma sun san shi daidai gwargwado, amma da sun rubuta jimla sai mai karatu ya ji wani abu ya karkace. Idan ka bincika, yawanci ba nahawun ne ya karye ba. An dai haɗa kalma ne da wadda ba abokiyar zamanta ba. Ga tambayoyin da masu koyo suka fi yi a kan wannan batu, da amsoshinsu.

Malam, me ake nufi da cewa kalma tana da abokan zama?

Mu fara da namu harshen. Bahaushe yana cewa fari fat, baƙi ƙirin, ja wur. Ba za ka taɓa jin ya ce "fari ƙirin" ba, kuma babu wanda ya zaunar da shi ya koya masa dokar hakan. Kunnensa ne ya saba. Turanci ma haka yake, kuma masana harshe suna kiran wannan al'amari collocation.

Ruwan sama mai ƙarfi a Turanci "heavy rain" ne, iska mai ƙarfi kuwa "strong wind". Sai ka ji an ce, "Heavy rain delayed the match," ko "A strong wind blew off the roof." Idan ka ce "strong rain" za a gane nufinka, amma za a kuma gane cewa kai baƙo ne a harshen. Wani masani mai suna Michael Halliday ya kawo misali a 1966 wanda har yau ake maimaitawa: shayi mai ƙarfi "strong tea" ake ce masa, ba "powerful tea" ba, alhali inji mai ƙarfi "powerful engine" ne. Ma'anar sifofin biyu kusan ɗaya ce, amma kowacce da inda take zama. Malaminsa, J. R. Firth na Jami'ar Landan, shi ne ya rubuta a 1957 cewa ana sanin kalma ne ta abokan da take hulɗa da su.

Wane wuri ne Bahaushe ya fi tuntuɓe?

A "make" da "do", babu tantama. Dalili kuwa shi ne mu aikatau ɗaya muke da shi, wato "yi", yana ɗaukar nauyin duka biyun. Mun yi kuskure, mun yi aiki, mun yi alkawari, mun yi ƙoƙari. Turanci ya raba su gida biyu.

Ana cewa "She made a mistake in the letter," da "He made a promise to his mother," da "They made a lot of noise," da "We have to make a decision today." A ɗaya ɓangaren kuma, "I did my homework last night," da "Please do me a favour," da "They do business in Kano," da "Do your best."

Littattafai sukan ba da ƙa'ida cewa "make" na abin da ka samar ne wanda babu shi a da, "do" kuma na aikin da ake gudanarwa. Ƙa'idar tana taimakawa, amma kada ka dogara da ita gaba ɗaya, domin tana da ɓaraka. Wanda ya gyara shimfiɗarsa da safe "made the bed" ya yi, alhali bai sassaƙa gado ba. Wanda ya jawo ɓarna kuma "did damage" ya yi, ko da yake ɓarnar ba ta nan kafin ya zo. Shi ya sa nake ganin ya fi alheri ɗalibi ya riƙe "make a mistake" dunƙule guda kamar kalma ɗaya, maimakon ya tsaya yana lissafin ƙa'ida a tsakiyar magana.

Akwai kuma wasu "yi" ɗin da ba "make" ba ne, ba kuma "do" ba. Yin wanka "take a bath" ne ko "have a bath". Yin mafarki "have a dream". Yin ƙarya "tell a lie". Yin jawabi "give a speech" ko "make a speech". Aikata laifi kuwa "commit a crime".

To, ina batun "sha" da "ci" da "ji"?

Waɗannan ukun suna da faɗi ƙwarai a Hausa, kuma faɗin nasu ne yake jefa mu cikin kuskure idan muka ɗauke su kai tsaye.

Muna shan ruwa, muna shan magani, wasu na shan taba, muna shan lemo da mangwaro, muna shan wahala. Bature ruwan kawai zai "drink". Ƙwayar magani "take" ake yi: "Take two tablets after meals." Taba "smoke". Mangwaro da lemo 'ya'yan itace "eat": "She ate an orange." Har miyar da ake sha da cokali, yawanci "eat soup" ko "have soup" suke cewa.

"Ci" kuwa, wanda ya ci jarrabawa "passed the exam", wanda ya ci zaɓe "won the election", wanda ya ci ƙwallo a raga "scored a goal", wanda ya ci amana "betrayed a trust", wanda aka ci tararsa "was fined".

"Ji" ita ce ta fi ɓoye kanta, domin kuskurenta ya zama ruwan dare har ba a lura. Muna jin magana, muna jin wari, muna jin yunwa, muna jin Hausa. Daga nan ne "I am hearing a smell" da "Do you hear Hausa?" suka fito. Abin da ya kamata shi ne "I can smell gas," da "I am hungry" ko "I feel hungry," da "Do you understand Hausa?" ko "Do you speak Hausa?"

Kada wannan ya sa wani ya ɗauka Hausa ce ke da naƙasu. Baturen da yake koyon Hausa irin wannan wuyar yake sha ta ɗaya gefen, ranar da aka ce masa ana cin kasuwa kuma ana shan iska.

Ƙananan kalmomin nan irin su "on" da "at" da "to", su ma suna cikin wannan?

Ƙwarai kuwa, kuma su ne suka fi cinye maki a jarrabawa. A sashen kalmomi da ginin jimla na WAEC da NECO da JAMB, tambayoyi da dama ba komai suke gwadawa ba illa wannan. Ana cewa "depend on", "interested in", "good at", "afraid of", "married to", "accused of", "congratulate on", "prefer to". Misali: "She is good at mathematics." "He is married to a nurse." "I congratulate you on your success." "I prefer tea to coffee."

Wasu aikatau kuma ba sa son ɗan rakiya ko kaɗan. "We discussed the matter" ake cewa, ba "discussed about" ba. Haka "He requested a loan," ba "requested for" ba, ko da yake idan kalmar ta koma suna sai rakiyar ta dawo: "a discussion about the matter", "a request for a loan".

Sai "borrow" da "lend". Mai karɓa shi ke "borrow from", mai bayarwa shi ke "lend to". Saboda haka "ara mini bironka" shi ne "Lend me your pen," ko kuma "May I borrow your pen?"

Daga ina masu ƙamus suke samo jimlolin misalan da suke sakawa?

A da, masu rubuta ƙamus na masu koyon harshe galibi daga kansu suke ƙirƙira. Abin lura shi ne, malaman da suka fara ɗaukar wannan batu da muhimmanci masu koyar da baƙin harshe ne. Harold Palmer, Baturen Ingila da ya yi aikin koyarwa a Japan, ya fitar da rahoto a 1933 kan kalmomin Turanci masu tafiya tare, domin ya ga ɗalibansa Japanawa a nan suke faɗuwa. Abokin aikinsa A. S. Hornby ya ɗora a kai, shi da wasu malamai biyu suka wallafa ƙamus a Tokyo a 1942, wanda Oxford ta sake bugawa a 1948. Shi ne asalin Oxford Advanced Learner's Dictionary, ƙamus ɗin da ɗalibanmu na sakandare suka daɗe da sani.

Da kwamfuta ta shigo sai lamarin ya sauya. John Sinclair na Jami'ar Birmingham ya jagoranci aikin tara miliyoyin kalmomi daga jaridu da littattafai da hirarrakin mutane, aka zuba su a kwamfuta, ta yadda za a iya kiran kalma ɗaya a ga duk inda ta bayyana da abin da ke gabanta da bayanta. Daga wannan rumbu aka gina ƙamus na COBUILD da ya fito a 1987, wanda misalansa daga ainihin maganar mutane aka ciro su. Bayan haka aka kammala wani rumbun irin wannan, British National Corpus, a 1994 mai kalmomi kimanin miliyan 100, sannan COCA na Amurka wanda yanzu ya kai kalmomi kusan biliyan ɗaya.

Wannan aiki ya tono abin da ko masu harshen ba su lura da shi ba. An gano cewa "cause" kusan kullum da mugun abu take tafiya: "cause trouble", "cause damage", "cause an accident", "cause death". Haka "set in", ita ma da ruɓewa da sanyi da fargaba take zama. Don haka ɗalibin da ya rubuta "The new road caused development" bai karya nahawu ba, amma "brought development" ta fi zama daram. Irin wannan ba a samunsa a jerin ma'anoni. Sai a cikin jimloli masu yawa yake fitowa.

Ke nan duk abin da 'yan Najeriya suke faɗa wanda ya saɓa wa na Ingila kuskure ne?

A'a, kuma ina so a fahimci wannan da kyau. Mu muna cewa "write an exam". Mutanen Ingila "sit" ko "take" suke cewa, Amurkawa "take". Amma a Kanada da Afirka ta Kudu da Indiya ma za ka ji "write". Su kansu Ingila da Amurka ba bakinsu ɗaya ba: na farko "at the weekend", na biyu "on the weekend". A watan Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi da maganganu 29 na Turancin Najeriya, ciki har da Kannywood da okada da "rub minds" da "put to bed" da ma'anar haihuwa.

Abin da ya rage shi ne ka san wanda kake yi wa magana. Tsakaninka da abokan aikinka a Kaduna ko Abuja, "let us rub minds", wato mu haɗa kai mu yi shawara, ba ta da aibi. Amma mai zana jarrabawar IELTS ta gwada iya Turanci, ko mai rubuta takardar neman gurbin karatu a waje, ya kamata ya zaɓi abin da kowa zai gane ko'ina yake. Shi kuwa "did a mistake" ko "discuss about", mai duba takardar WAEC zai ja masa jan biro.

Ta yaya zan koya ba tare da na haddace dubban jimloli ba?

Da farko ka sauya yadda kake rubuta sabuwar kalma a littafinka. Kada ka rubuta "attention, hankali" ka wuce. Rubuta "Pay attention to the teacher," da "The noise attracted my attention," da "May I draw your attention to page five?" Kalma ɗaya ce, amma ka fita da jimloli uku da za ka iya amfani da su gobe. Kuma ka fara daga suna, ka nemi aikatau da sifar da suke bin sa, domin mai magana yakan san abin da zai yi magana a kai, aikatau ɗin ne yake kufce masa.

Idan ka buɗe ƙamus, kada ka tsaya a ma'ana. Sauka ƙasa ka karanta misalan, a nan dukiyar take. Ƙamus na Oxford da Cambridge da Longman na masu koyo duk suna intanet kyauta, ana buɗe su ta waya. Akwai ma wanda aka keɓe don wannan fanni kaɗai, Oxford Collocations Dictionary, wanda ya fara fitowa a 2002.

Ƙarfinka kuma ka zuba shi a kan kalmomin yau da kullum. Ɗalibanmu suna da sha'awar manyan kalmomi masu cika baki, alhali "get", "take", "have", "give", "put", "keep", "make" da "do" su ne ke ɗauke da mafi yawan magana. Ɗauki "take" kaɗai ka yi mako guda da ita: "take a seat", "take care", "take part in", "take place", "take a photo", "take time", "take advice". Ka saka kowacce a jimlar da ta shafi rayuwarka, da sunan unguwarku da kasuwarku da sana'arka, ka karanta da ƙarfi har kunnenka ya saba. Mako mai zuwa sai ka ɗauki "keep".