Agajin Gaggawa ga Karnuka da Kyanwoyi

Agajin gaggawa ga karnuka da kyanwoyi reshe ne na likitancin dabbobi da ke kula da dabbar da ciwo ko rauni ya auka mata farat ɗaya, har ya zamana jinkirin 'yan sa'o'i, wani lokaci ma 'yan mintoci, na iya jawo mutuwarta ko nakasar da ba ta warkewa. Likitancin dabbobi na zamani ya faro ne da makarantar da Claude Bourgelat ya kafa a birnin Liyon na Faransa a 1761, sai dai dawakai da shanu ne suka fi ɗaukar hankalin masanan wancan zamani. Asibitin kare da kyanwa mai aiki dare da rana bai bunƙasa ba sai a rabi na biyu na ƙarni na 20. Babbar wahalar wannan fanni ita ce majinyacin ba ya magana, kuma kyanwa musamman gwana ce wajen ɓoye ciwo, don haka abin da ya fi tayar wa mai dabba hankali ba lallai ne shi ya fi haɗari ba. Farcen da ya karye yana ta zubar da jini a daɓe kan sa mutum ya ruga asibiti, alhali muzurun da ya lafe shiru a ƙarƙashin gado yana iya kasancewa shi ne ke bakin mutuwa.

Tantance majinyata

A sashen gaggawa ba a bin layi. Duk dabbar da aka shigo da ita ana fara duba numfashinta, da zagayawar jininta, da ko tana cikin hayyacinta, da kuma ko tana iya fitsari, sannan a gabatar da wadda ta fi kusa da halaka ko da ita ce ta zo ƙarshe. Ma'aunan da ake dogara da su sanannu ne. Zafin jikin lafiyayyen kare ko kyanwa yana tsakanin digiri 38 da 39.2 a ma'aunin Salshiyas, wato ya ɗara na mutum. Zuciyar kare tana bugawa kimanin sau 60 zuwa 140 a minti gwargwadon girmansa, ta kyanwa kuwa sau 140 zuwa 220. Dabbar da ke barci tana numfashi fiye da sau 30 a minti a kai a kai tana buƙatar a duba ta.

Gwajin da ya fi sauƙi, kuma ya fi ba da labari, shi ne na dasashi. Ana ɗaga leɓen dabbar a danna dasashin da yatsa har wurin ya yi fari, a saki, a ƙirga: in jini na zagayawa yadda ya kamata, jan launin zai dawo kafin daƙiƙa biyu. Dasashin da ya yi fari fat yana nuna ƙarancin jini ko zubarsa a cikin ciki, mai shuɗi-shuɗi yana nuna ƙarancin iskar oksijin, rawaya kuwa yana kai hankali ga hanta ko fashewar jajayen ƙwayoyin jini.

Larurorin da ba sa jiran gari ya waye

Toshewar mafitar fitsari ga muzuru ita ce misalin larurar da ake yawan yi wa gurguwar fahimta. Bututun fitsarin namijin kyanwa dogo ne siriri, ƙanƙanin tsakuwa ko dunƙulen majina da gishirin fitsari ya isa ya toshe shi. Mai shi zai ga yana ta zarya zuwa wurin bayan gidansa, ya tsuguna ya yi yunƙuri yana kuka, ya tashi bai sauke komai ba ko ya ɗiga ɗigo biyu masu jini, sannan ya koma gefe yana lasar gabansa. Mutane da yawa sukan ɗauka taurin bayan gida ne, su ce a bari a gani zuwa gobe. A wannan tsakanin mafitsara ta cika ta yi tauri kamar dutse, ƙoda ta daina tace jini, sinadarin fotasiyam ya hauhawa har ya rikita bugun zuciya, kuma cikin kwana biyu zuwa uku dabbar kan mutu. Aikin likita a nan shi ne ya sauko da fotasiyam, ya sa wa muzurun maganin barci, ya zura siririn bututu ya buɗe hanyar, sannan ya bi da ƙarin ruwa na kwana ɗaya ko biyu. Matsa cikin da hannu a gida don fitsarin ya fita ganganci ne, domin mafitsarar na iya fashewa.

Takwaran wannan a wajen karnuka shi ne kumburi da murɗewar tumbi, wanda ya fi kama manyan karnuka masu zurfin ƙirji irin su karen makiyayan Jamus, galibi bayan sun ci abinci mai yawa a zama ɗaya. Tumbin yakan cika da iska ya juya a kan kansa, ya rufe mashigarsa da mafitarsa, ya danne manyan jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya. Karen zai kasa zaune ya kasa tsaye, yana kakarin amai ba abin da ke fitowa sai kumfa, cikinsa ya ɗaure kamar ganga. Ba shi da magani sai tiyata, inda ake sace iskar, a warware tumbin, a ɗinke shi da bangon ciki don kada ya sake juyawa.

Wahalar numfashi ba ta buƙatar dogon bayani: kare yana haki a al'adarsa, amma kyanwar da ta buɗe baki tana haki tana cikin mawuyacin hali, kuma yawan taɓa ta ko tilasta mata kwanciya na iya ƙarasa ta. Haka nan kyanwar da ƙafafunta na baya suka mutu nan take, suka yi sanyi, tana ihu, sau da yawa gudan jini ne daga zuciya mai ciwo ya toshe babbar jijiya.

Bugun zafi ya fi addabar karnuka, saboda ba sa gumi sai kaɗan a tafin ƙafa, da haki suke sanyaya jikinsu. Masu gajeren hanci irin su buldog, da masu ƙiba, da tsofaffi, su ne kan gaba, kuma motar da aka rufe a rana ita ce tarkon da ya fi cin su. Da zarar zafin jiki ya haura digiri 41, ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanji sun fara lalacewa. Wannan na cikin wurare kaɗan da ake so a fara magani kafin a kama hanya: a kwarara wa karen ruwa mai sanyi, a sa masa fanka, kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul domin yana riƙe zafi, sannan a kai shi asibiti ko da ya nuna ya farfaɗo, saboda illar ƙoda da ta daskarewar jini kan biyo baya.

Guba

Yawancin gubar da ke kai kare da kyanwa asibiti ba daga hannun mugu take fitowa ba, daga kicin da akwatin magani take. Cakulan na ɗauke da sinadarin tiyoburomin wanda jikin kare ke jinkirin narkarwa, kuma gwargwadon duhun cakulan gwargwadon haɗarinsa. Yana kawo amai, da saurin bugun zuciya, da karkarwa. Inabi da zabibi na iya kashe ƙodar kare, kuma ba a iya dogara da yawan abin da ya ci, domin wani karen kaɗan ke kayar da shi. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin duka biyun. Zailitol, mai zaƙin da ake sa wa cingam marar sukari, yana sa jikin kare ya kwararo insulin, sinadarin da ke rage sukarin jini, sai sukarin jininsa ya faɗi, galibi cikin abin da bai wuce sa'a guda ba.

Kuskuren da ya fi ban takaici shi ne ɗaukar kyanwa a matsayin ƙaramin kare, ko ƙaramin mutum. Hantarta ba ta da isasshen sinadarin da ke sarrafa farasitamol, don haka ƙwaya ɗaya da aka ba ta da kyakkyawar niyya na iya kashe ta: dasashinta ya koma ruwan ƙasa, fuskarta da tafukanta su kumbura, jininta ya kasa ɗaukar oksijin. Maganin ƙuma na karnuka mai ɗauke da fametirin yana jefa kyanwa cikin karkarwa da jijjiga, ko da gogar jikin karen da aka shafa wa kawai ta yi. Furen lili kuwa, wanda ake ƙawata gida da shi, ganyensa da garin furensa har da ruwan tulun da aka jiƙa shi, yana kashe mata ƙoda, kuma in an wuce kimanin sa'o'i 18 ba a fara ƙarin ruwa ba, da wuya a ceto ta.

Wasu gubobin lumbu-lumbu ne, wutar ƙaiƙayi. Maganin ɓera mai hana jini daskarewa ba ya nuna komai sai bayan kwana uku zuwa biyar, lokacin da bitamin K na jiki ya ƙare jini ya fara tsiyaya a ƙirji ko ciki. Makarinsa bitamin K1 ne, ana sha na tsawon makonni. Ruwan sanyaya injin mota mai ɗauke da etilin gilaikol yana sa dabba tangaɗi kamar mai maye, sai ta yi kamar ta warke, alhali ƙodarta na mutuwa, kuma makarinsa ba ya aiki sai an ba da shi cikin 'yan sa'o'in farko.

Game da sa dabba amai a gida, nan ne garin neman gira ake rasa ido. Ɗura ruwan gishiri guba ce ta biyu a kan ta farko. In abin da aka haɗiya mai ƙuna ne kamar ruwan batir, amai zai sake ƙona maƙoshi, in kuma fetur ne ko kananzir zai iya faɗawa huhu. Likita yana da allurar da ke sa amai, da gawayin asibiti mai kama guba a hanji, kuma abin da ya fi buƙata daga mai dabba shi ne kwalin abin da aka ci, da kimanin yawansa, da lokacin da abin ya faru.

Cututtuka masu yaɗuwa

Bairas ɗin farbo ya bayyana a karnuka a 1978, ya game duniya cikin ɗan lokaci. Yana cin bangon hanjin kwikwiyo da ɓargonsa, ya kawo amai da gudawar jini mai ɗoyi. Kwikwiyon da ba a yi wa magani ba yawanci mutuwa yake yi, amma akasarin waɗanda aka kwantar aka yi wa ƙarin ruwa suna tashi. Ƙwayar tana rayuwa watanni a ƙasa, kuma kyanwoyi suna da 'yar uwarta mai irin wannan ɓarna. Rigakafin ana fara shi ne daga mako 6 zuwa 8 da haihuwa, a riƙa maimaitawa har mako 16, domin kariyar da jariri ya sha a nonon uwa tana iya hana allurar farko kamawa.

Ciwon haukan kare ya sha bamban, saboda barazanarsa ta kai ga mutane. Louis Pasteur ya fara amfani da rigakafinsa a jikin mutum a 1885, amma har yau Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta mutuwar kimanin mutum 59,000 a shekara, kusan dukansu ta cizon kare. Da zarar alamu sun bayyana aikin gama ya gama. Wanda aka ciza zai wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15 ya nemi allura nan take, karen ko kyanwar da ta yi cizon kuma a killace ta a sa mata ido na kwana 10. Ban da waɗannan cututtuka, kaska na ɗauke da ƙwayoyin cuta da ke fasa jajayen ƙwayoyin jini, sauro kuma na yaɗa tsutsar zuciya.

Rauni, haihuwa da haɗiye-haɗiye

Karen da mota ta buge ya miƙe yana tafiya bai tsira ba tukuna, domin ƙujewar huhu da fashewar saifa ko mafitsara sukan ɗauki sa'o'i kafin su nuna. Wani bincike da aka buga a 1987 kan kyanwoyi 132 da suka faɗo daga dogayen benaye a birnin New York ya nuna kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka yi wa magani sun rayu, sai dai galibinsu da rauni a ƙirji. Zare da kyanwa ta haɗiya yakan maƙale a gindin harshe, sauran ya tattare hanji yana yanka shi, don haka ba a jan zaren da ya leƙo ta baki ko ta dubura.

Goyon cikin karya da na kyanwa kusan kwana 63 ne. Naƙuda mai ƙarfi ta minti 30 ba tare da ɗa ya fito ba alama ce ta matsala. Tsohuwar karyar da ba a cire wa mahaifa ba, in ta kama yawan shan ruwa da kasala 'yan makonni bayan lokacin barbararta, ana zargin mahaifarta ta tara mugunya.

Kafin a isa asibiti

Dabbar da ke cikin azaba tana cizon har mai ita, shi ya sa ake sa wa kare takunkumi, sai fa in yana amai ko numfashi na yi masa wuya, kyanwa kuma a naɗe ta da tawul a sa ta a akwati. Jini ana tsayar da shi ne da danna tsumma mai tsabta ba tare da ɗagawa ana leƙe ba. Mai jijjiga ba a sa masa hannu a baki, domin ba ya haɗiye harshensa. A kawar da abin da zai buge shi, a duba agogo, jijjigar da ta wuce minti biyar tana iya taɓa ƙwaƙwalwa. In zuciya ta tsaya, ƙa'idojin farfaɗowa da aka fitar a 2012 aka sabunta a 2024 sun tanadi danna ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti, da hura iska sau biyu ta hanci bayan kowane danni 30, kodayake kaɗan ne daga cikin irin waɗannan dabbobi ke komawa gida. A asibiti, in ana buƙatar ƙarin jini, kare kan jure na farko ko da ba a gwada rukunin jininsa ba, amma kyanwa mai rukunin B da aka ƙara wa jinin rukunin A na iya mutuwa a kan teburin, don haka ba a ƙara mata jini sai an gwada.