Rakursi a kwamfuta: abin da ɗalibai suka fi tambayata a shago

Ina buga takardu a wani ɗan shago a Sabon Gari nan Damagaram, kuma mafi yawan masu zuwa wurina ɗaliban Jami'ar André Salifou ne. Ga tambayoyin da na fi sha kan rakursi, tare da amsar da nake ba su. Kwamfutocinmu da Faransanci suke, don haka sunayen da ke kan allo na bar su yadda kuke ganinsu.

Malam, wai mene ne rakursin nan?

Hanyar yanke ce. Mutumin Birni da ya san lungu yakan riga kowa isa Kasuwar Dole, amma kasuwa tana nan inda take, lungun bai ɗauko ta ba. Haka rakursi: ɗan ƙaramin fishiye ne mai riƙe da adireshin aikinka kawai. Ana gane shi da ƴar kibiya a kusurwar hagu ta ƙasan hotonsa, kuma nauyinsa yawanci kilo-okte 1 ne ko 2. Tun Windows 95 ake da shi.

Yaya zan yi wa dosiyena ɗaya?

Danna maɓallin Windows tare da E, nemo dosiyen. Ɗora suri (linzamin kwamfuta) a kansa ka danna maɓallinsa na dama, ka zaɓi "Envoyer vers", sannan "Bureau (créer un raccourci)". Shi ke nan, ya bayyana a fuskar kwamfuta. A Windows 11, wadda ta fito a 2021, an taƙaita jerin farko, sai ka zaɓi dosiyen ka danna maɓallin Maj (Shift) da F10 tsohon jerin ya fito. Ni dai na fi son riƙe Alt in ja dosiyen zuwa Bureau, ya fi sauri. F2 kuma na canja suna.

In na goge shi, aikina ya tafi?

A'a, aikin na nan lafiya. Amma ka duba kibiyar kafin ka goge. Wanda ya ja dosiye bai riƙe Alt ba, dosiyen kansa ya kwaso ya dire a Bureau, in dai faifai ɗaya ne.

To zan iya sa rakursi a kile (clé USB) in kawo maka ka buga?

Nan ne hawaye ke zuba, shi ya sa nake jan magana a kai. Bara wata ɗaliba ta shigo da hantsi, gobe za ta miƙa kundin kammala karatunta, shafi 80 da ƴan kai. Na sa kilenta, na ga sunan kundin da kibiya a gindinsa, kilo-okte 2. Na ce, "Ƙanwata, ina kwamfutar da kika yi aikin?" Ta ce ta yayanta ce, ya tafi da ita Maraɗi tun jiya. Ta zauna kan benci ta riƙe kai. Sai bayan la'asar aka same shi ya turo ta WhatsApp. Har yau in na tuna fuskarta raina yana sosuwa.

Kafin ki zare kile, ɗora suri kan fishiyen ki ga nauyinsa. Kundi mai hotuna da tebura ba ya zama kilo-okte 2. Ki buɗe dosiyen ainihi, ki kwafo daga can.

Kilena duk ya koma rakursi, ni kuwa ban yi ba.

Wannan ƙwayar cuta ce da ke yawo tsakanin siber da shagunan buga takardu. Tana ɓoye fishiyenka na gaskiya, ta jera rakursi masu sunansu, kana dannawa ta kama kwamfutar. Kada ka danna ko ɗaya, kada kuma ka yi saurin wanke kilen (formater), don galibi kayanka na ciki. A fara bincike shi da antibirus. Sannan a buɗe cmd, tagar rubuta umarni ta Windows, a rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* in harafin kilen E ne, in wani ne a sa shi a madadinsa. Fishiyen za su fito fili, sai ka kwashe su gefe, ka goge rakursin na ƙarya.