Haske ne ko zafi? Gardamar leza da maganaɗisu ba yau ta fara ba

Tun da aka fara kukan wutar da cibiyoyin ajiyar data ke sha saboda AI, kullum sai ka ga labari wai an gano yadda za a rubuta bayanai da hasken leza cikin ƙiftawar ido, wato ta hanyar juya maganaɗisun abin da ake ajiye bayanan a ciki, masu musu kuma suna cewa ai dumama abin kawai ake yi. Wannan ja-in-ja ya kusa shekara talatin fa.

A 1996 a Strasbourg ta Faransa aka haska wa ƙarfen nikel leza, maganaɗisunsa ya ragu cikin ƙasa da pikosakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin tiriliyan na sakan. A 2007 a Nijmegen ta Holan aka juya maganaɗisun wani haɗin ƙarfe, GdFeCo, da haske kaɗai, kowa ya ruga wajen ƙarafa, sai a 2012 aka nuna zafi ma kaɗai ya isa ya yi juyin.

Amma abin da ba a cika tunawa ba shi ne na 2005, a Nijmegen ɗin dai. Masanin kimiyya Alexey Kimel da abokan aikinsa ba ƙarfe suka ɗauka ba, sun ɗauki wani kiristal mai suna DyFeO3, wanda wuta ba ta bi ta cikinsa saboda elektiron ɗinsa sun matse juna kowa ya tsaya a gurbinsa, kamar motoci a cunkoson kasuwa. Suka harba masa haske mai murɗawa dama, ƙananan maganaɗisun ciki suka kama rawa, suka sake harbawa da mai murɗawa hagu, rawar ta tashi ta ɗaya ɓangaren. To zafi ai bai san dama da hagu ba! Ke nan hasken ne da kansa ya buge su kamar guntun filin maganaɗisu. A ganina nan ne hanyar ta rabu, sai dai rawa kawai aka samu ba cikakken juyi ba, shi ya sa hankali ya karkata ga ƙarafan da sakamakonsu ya fi saurin shiga labarai.

Sai a 2017 aka rubuta bayani da leza a wani kiristal da ake kira garnet, mai ɗauke da sinadarin kobalt, a Bialystok ta Folan, da ɗumi ɗan kaɗan. A 2023 kuma a Hamburg aka girgiza ƙwayoyin zarra na wani kiristal, YTiO3, da leza, maganaɗisun da ke gushewa a digiri 27 na ma'aunin Kelvin (wajen digiri 246 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius) ya bayyana har sama da 80, na ɗan lokaci, cikin sanyin da wayarka ba za ta taɓa shiga ba.