Rigar waya a gaban alƙali: yaushe sauya kaya ke zama ƙirƙira?

Masu sake naɗa wayar fanka da injin ban ruwa a Maradi sun san tagulla ba ta aiki sai da riga, wato shafen da ke hana zare taɓa ɗan'uwansa. Akwai kuma wata waya da wuta ke bi ba tare da asarar komai ba, muddin tana cikin tsananin sanyi. Kamerlingh Onnes ya gano wannan hali a Leiden a 1911, da ya sanyaya zaiba zuwa kusan digiri 269 ƙasa da sifiri. Irinta ce ke cikin na'urar MRI ta ɗaukar hoton cikin jiki a asibiti, kuma rigarta ma ana neman takardar mallakar ƙirƙira a kanta.

Gardamar ko sauya kaya kawai ya kai ƙirƙira ta girmi wayar. A 1851, a shari'ar Hotchkiss da Greenwood, Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi amincewa da takardar masu yin mariƙin ƙofa da yumɓu maimakon katako ko ƙarfe. Ta ce kowane ƙwararren mai sana'ar zai iya tunanin haka. Dokar mallakar ƙirƙira ta Amurka ta 1952 ta rubuta ƙa'idar a sashe na 103, shari'ar Graham ta 1966 ta tsara yadda za a auna ta. A 2007 shari'ar KSR ta tsaurara: haɗa sanannun abubuwa biyu, a samu abin da kowa ke tsammani, bai kai ƙirƙira ba.

Da wannan ma'auni mai duba takardu kan ce robar Kapton da ake yi wa waya riga da ita tsohuwa ce, zaren gilashi ma haka, to mene ne sabo? Wanda aka hana takardar ya ɗaukaka ƙara kuwa yana da abin faɗa. Wayar niyobiyam da kuza, bayan an naɗe ta, ana gasa ta a zafin da ya haura digiri 600, inda roba ke ƙonewa ƙurmus. Daga nan a kai ta sanyin da kowane abu ke tsukewa gwargwadon halinsa, riga ta tsage. A ganina wannan hujja ce mai ƙarfi, sai dai hukumar ɗaukaka ƙara ta ofishin mallakar ƙirƙira na Amurka, wadda aka sabunta a 2012, ba ta gamsuwa da zaƙin bakin lauya. Sakamakon gwaji take nema, wanda ya nuna abin da masana ba su zata ba.

Nijar na bin yarjejeniyar Bangui ta 1977, wadda ta kafa OAPI, hukumar kare mallakar fasaha ta wasu ƙasashen Afirka. Ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ya ƙirƙiri wani abu, takardarsa hukumar OAPI za ta je a Yawunde, kuma dokarta ma ta gindaya sharaɗin cewa abin ya wuce tunanin kowane ƙwararren mai sana'a. In ya tsallake, kariyar na aiki a ƙasashe 17 har shekara 20.